Yatsu Biyu Da Faifan Garmaho: Yadda Aka Yi Ta Kwafe Kiɗan Django Reinhardt

Yau zan ɗan kauce daga labarai da sharhin littattafai da muka saba, in kai mu ƙasar Faransa wajen wani makaɗin jita da ya rasu tun 1953, amma har gobe akwai masu kwana zaune suna sauraron faya-fayensa, suna rubuta abin da ya kaɗa sauti bayan sauti. Sunansa Django Reinhardt. Abin da ya sa na ga labarinsa ya dace da ma'abota alƙalami shi ne, mutumin nan bai san rubutun kiɗa ba, kai ko sa hannu a takarda ma sai da ya girma abokin aikinsa ya koya masa, amma yau an cika littattafai da abin da yatsunsa suka yi. To yaya aka yi abin da mutum ya kaɗa cikin minti uku, nan take ba tare da shiri ba, ya koma darasin da ake haddacewa? Kuma idan an ɗauko shi daga faifai an zuba a takarda, me ake samu, me ke zubewa a hanya? Ni ma ina cikin masu wannan zama da faifai da fensir, don haka zan haɗa tarihin da abin da kunnena ya jiye mini.

Asalinsa

An haifi Jean Reinhardt, wanda danginsa ke kira Django, ranar 23 ga Janairun 1910 a ƙauyen Liberchies da ke Beljiyam, inda ayarin iyayensa ya yada zango. Iyayen nasa 'yan ƙabilar Romani ne, mutanen da Turawan Ingila suka laƙaba wa suna Jifsi saboda sun zaci daga Masar suka fito. Nazarin harshensu ya nuna cewa kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso, suka yi ɗaruruwan shekaru suna tafe kafin su bazu a Turai. Reshensu da ke Faransa ana kiran su Manush, kalmar da ke nufin mutum a harshensu, 'yan uwansu na Jamus da Holan kuma Sinti. Da yawa daga cikinsu ba sa jin daɗin sunan Jifsi, don haka zan bi Faransawa in riƙa kiran kiɗan da jaz manush.

Django ya tashi ne a bayan ganuwar birnin Paris, a wani fili da talakawa da matafiya ke kafa bukkoki, cikin irin amalanken nan mai rufi da doki ke ja, wanda shi ne ɗaki shi ne abin hawa. Yana da kimanin shekara goma sha biyu ya samu banjo mai tsirkiya shida, ya koyi kaɗawa ta hanyar ƙura wa yatsun manya ido. Bai daɗe ba ya fara raka masu akodiyon a gidajen rawar leburori na Paris. A 1928 aka fara ɗaukar kiɗansa a faifai tare da wani mai akodiyon, Jean Vaissade, kuma a jikin faifan sai aka buga sunansa Jiango Renard, yadda kunnen mai rubutun ya jiyo.

Gobara

A ƙarshen wannan shekara ta 1928, yana ɗan shekara goma sha takwas, ya dawo daga aiki cikin dare. Amalankensu cike yake da furannin roba da matarsa ke yi don sayarwa, irin robar da ke kamawa da wuta kamar fetur. Kyandir ya faɗi, nan da nan wuta ta tashi. Sun tsira da rai, amma ƙafarsa ta dama da hannunsa na hagu sun ƙone ƙwarai. Likitoci suka ce sai an yanke ƙafar, ya ce atafau bai yarda ba. Ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya, ƙafar ta warke, amma yatsan zobe da ƙaramin yatsa na hannun hagu suka ƙanƙance suka lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa ba.

Mai karatu ya sani, hannun hagu shi ke danne tsirkiya a wuyan jita, kuma makaɗa da yatsu huɗu suke wannan aiki. Shi kuwa saura biyu, manuniya da na tsakiya. Ƙaninsa Joseph ya kawo masa jita yana kwance, ya sake koyon sana'arsa daga tushe. Ka riƙe wannan batu na yatsu biyu, domin shi ne babban ƙullin da masu kwafe kiɗansa ke fama da shi har yau.

Shi ma daga faifai ya koya

A 1931, a garin Toulon da ke bakin teku, wani mai zane da ɗaukar hoto, Émile Savitry, ya kai Django ɗakinsa ya sa masa faya-fayen Amurka: Louis Armstrong, Duke Ellington, da kuma mai goge Joe Venuti tare da mai jita Eddie Lang. Daga nan ya kamu da jaz, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka haifa. A lokacin bai taɓa taka Amurka ba, ba ya jin Turanci, babu malamin da ya zaunar da shi. Faifan garmaho ne malaminsa. Wato hanyar da aka bi aka koyi kiɗansa bayan ya mutu, ita ce shi ma ya bi ya koyi na wasu.

A 1934 ya sake haɗuwa da mai goge Stéphane Grappelli a cikin makaɗan otal ɗin Claridge da ke Paris, suka riƙa taɓa kiɗa su biyu idan an tafi hutu. Wata ƙungiyar masoya jaz mai suna Hot Club de France ta ɗauki nauyinsu, aka kafa rukuni na mutum biyar: Django, Grappelli, Joseph Reinhardt da Roger Chaput a kan jita biyu masu riƙe kari, sai Louis Vola a kan babban gogen nan mai kaurin murya da ake tsayarwa a ƙasa. Babu ganga, babu kakaki. Jita biyun nan su ke aikin ganga, suna buga huɗu-huɗu a gajarce tare da ɗan ƙarfafa bugu na biyu da na huɗu, abin da Faransawa ke kira la pompe, wato famfo, don yadda hannu ke hawa da sauka. A watan Disamba na shekarar suka yi faya-fayensu na farko a kamfanin Ultraphone, ciki har da Dinah da Tiger Rag.

A tsarin jaz, ana fara kaɗa karin waƙar da kowa ya sani, sannan makaɗi ɗaya ya fito ya zuba nasa a kan ginshiƙin waƙar, yana ƙirƙira yana kaɗawa a lokaci guda, sauran suna riƙe masa. Wannan fitowa ita ake kira solo. Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowace fuska ba ta ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai. Ba a yanke wani wuri a liƙa wani; in an yi kuskure sai dai a sake daga farko. Ke nan duk solon Django da muke nazari yau, abu ne da ya faru sau ɗaya cikin minti ɗaya ko biyu, allura ta kama shi.

Yadda ake kwafewa

Akwai rubutun kiɗa iri biyu da ake amfani da su. Na farko shi ne na layi biyar da ɗige-ɗige, wanda ke nuna tsayin kowane sauti da daɗewarsa. Na biyu na masu jita ne, ana kiran sa tab: layi shida, kowanne yana wakiltar tsirkiya ɗaya, sai a sa lamba da ke nuna gaɓar da za a danna a wuyan jita. Mai kwafewa zai saurari 'yan daƙiƙoƙi, ya tsayar, ya rera da baki, ya laluba a jitarsa, ya rubuta, ya koma baya ya sake ji. Aiki ne na sannu ba ta hana zuwa. Solon minti ɗaya yana iya cinye maraice uku.

Matsala ta farko ita ce gudu. Idan kari yana tafiya bugu 200 a minti, kuma makaɗi yana zuba sauti biyu a kowane bugu, to kusan sauti bakwai ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma Django kan wuce haka idan ya ga dama. Masu koyo na da sukan dafa faifan da yatsa don ya rage gudu. Da aka shigo zamanin manyan faya-fayai masu juyawa sau 33 a minti, sai aka gano dabarar mayar da su kan gudun 16, wato rabi, sai kiɗan ya riƙa jan jiki, amma muryarsa ta sauka ƙasa da cikakken hawa guda, jita ta koma tana gurnani. Yau manhajojin kwamfuta irin su Transcribe! da Soundslice suna rage gudu ba tare da murya ta sauka ba. Wani abin sha'awa, Adrian Holovaty da ya kafa Soundslice yana cikin waɗanda suka ƙirƙiri manhajar gina shafukan intanet mai suna Django, wadda aka fitar a 2005, kuma sunan makaɗin nan aka sa mata.

Matsala ta biyu ita ce injinan ɗauka na wancan lokaci ba kullum suke juyawa daidai ba. Idan faifai ya ƙara gudu da kashi shida cikin ɗari, to kowane sauti ya hau da gaɓa guda cur. In bambancin bai kai haka ba, sai ka ji kiɗan ya rataye tsakanin gaɓa biyu, ka rasa wace ce ta gaskiya. A nan sai mai kwafewa ya yi aiki da hankali: ya nemi inda aka saki tsirkiya ba a danna ba, domin amonta daban ne, daga nan ya gane matsayin sauran.

Matsala ta uku ita ce ta fi ɗaure kai. A jita, sauti ɗaya yana da gida da yawa. Sautin da tsirkiya ta farko ke bayarwa idan an sake ta, shi ne a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyu, shi ne a gaɓa ta 9 ta ta uku, shi ne kuma a gaɓa ta 14 ta ta huɗu. Faifai zai gaya maka sautin, amma ba zai gaya maka inda yatsa ya sauka ba. Mai yatsu huɗu yakan kafa hannunsa a wuri ɗaya ya riƙa tsallaka tsirkiyoyi. Mai yatsu biyu kuwa dole hannunsa ya riƙa zirga-zirga a tsawon wuyan jita, sauti biyu a wannan tsirkiya, ya zame gaba, biyu a waccan. Saboda haka sai ka samu littattafai biyu sun rubuta solo guda, sautukan duk daidai, amma lambobin tab sun sha bamban. Ni abin da nake yi idan na rubuta jimla shi ne in naɗe yatsu biyu in gwada ta da biyun da suka rage. In ta ƙi kaɗuwa, to ba nan ya bi ba. Abin mamaki, sau da yawa hanyar yatsu biyun ita ta fi sauƙi, kuma ita ke fitar da amon da ke cikin faifan.

Gani ya kori ji, sai dai abin gani kaɗan ne. Akwai wani gajeren fim mai suna Jazz Hot da aka yi a ƙarshen shekarun 1930 don tallata rangadinsu na Ingila, inda ake ganin sa yana kaɗa J'attendrai, hoto da sauti a haɗe. 'Yan mintuna ne kawai, amma an kalle su an sake kallo har ba iyaka, domin a nan ake ganin yatsu biyu suna gudu, biyun da suka ƙone suna lanƙwashe, sai lokacin da zai danne tsirkiyoyi da yawa a tare ya jingina su a kan siraran tsirkiyoyin ƙasa.

Sai hannun dama, wanda takarda ta fi mantawa da shi. Jitar da ya fi riƙewa ta kamfanin Selmer ce, wadda wani Ba'italiye, Mario Maccaferri, ya tsara a farkon shekarun 1930, kuma duka-duka waɗanda aka ƙera ba su kai dubu ba. Babu lantarki, ga hayaniyar gidan rawa, don haka sai da ƙarfin hannu. Yana riƙe ɗan farce mai kauri na kaɗawa, ya sake wuyan hannu, ya sauke shi a kan tsirkiya har ya tsaya a jikin ta ƙasa da ita, kuma kusan duk lokacin da zai koma sabuwar tsirkiya da bugun ƙasa yake shiga. Wannan shi ke ba kiɗan tsawarsa. Ka kaɗa sautukan daidai da wani salon hannu, za ka ji kamar an dafa miya an manta gishiri.

Faya-fayai uku

Duk mai shiga wannan fage da Minor Swing yake farawa, wanda aka ɗauka ranar 25 ga Nuwamban 1937 a kamfanin Swing na Charles Delaunay. Ginshiƙinsa damin sauti uku ne kacal, wato sautukan da ake dannawa a tare, suna zagayawa cikin ɗaki goma sha shida mai bugu huɗu-huɗu. Django ne ya fara fita, sannan Grappelli, kuma idan ka kasa kunne za ka ji murya tana yi wa mai gogen kirari daga baya. Abin da takarda ta nuna mini a wannan solo shi ne yawancinsa sautukan damin ne ya warware su ɗaya bayan ɗaya, sai dai yakan kewaye sautin da yake nufi, ya taɓa na sama da shi, ya taɓa na ƙasa, sannan ya dira a kansa. Abin da takarda ba ta nuna ba shi ne yadda yake girgiza tsirkiya da sauri idan ya tsaya, da yadda yake ɗan ja ta gefe ta yi kuka.

Na biyu shi ne I'll See You in My Dreams, na ranar 30 ga Yunin 1939, su uku kawai: shi, da Baro Ferret a jitar kari, da Emmanuel Soudieux a babban goge. A nan babu gaggawa. Zai ɗauki 'yar gajeriyar jimla, ya maimaita ta, ya sauya mata wurin zama a cikin kari, ya bar fili, sannan ya amsa wa kansa. Idan ka rubuta shi ka shimfiɗa shafukan a tabarma, za ka ga jimlolin suna da kai da gindi kamar mutum ya zauna ya tsara su, alhali nan take ya yi su. Wannan shi ne babban amfanin kwafewa: kunne yana bin kiɗa ne a guje, ido kuwa yana iya komawa baya ya ga yadda farko ya haifi ƙarshe.

Na uku yana da tarihi mai nauyi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Satumban 1939 suna rangadi a Ingila. Grappelli ya zauna a Landan, Django ya koma Paris, kuma a Yunin 1940 sojojin Jamus suka shiga birnin. Gwamnatin Nazi ta sa Romani cikin waɗanda za ta shafe daga doron ƙasa. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda aka kashe a Turai tsakanin 250,000 zuwa 500,000. A Faransa kanta an tsare dubbai a sansanoni irin na Montreuil-Bellay. A cikin wannan hali Django ya zama tauraron Paris. Ya maye gurbin goge da kilarinet ɗin Hubert Rostaing, ya ɗauki Nuages, wato gizagizai, a Oktoban 1940, bai gamsu ba, ya sake ranar 13 ga Disamba. Faifan ya samu karɓuwa ƙwarai a wajen mutanen da aka mamaye. Shaharar ba ta cire masa tsoro ba, domin a 1943 ya yi yunƙurin tsallakawa Suwizalan aka mayar da shi.

Solon Nuages na Disamban 1940 yana buɗewa da wasu siraran sautuka kamar ƙararrawa, waɗanda ake samu idan an ɗan taɓa tsirkiya a daidai tsakiyarta maimakon a danne ta. A takarda 'yar alama ce ake sa wa a kan ɗigo. Yanzu ga inda nake son mai karatu ya tsaya: Django ya ɗauki Nuages fiye da sau goma a rayuwarsa, kuma kowane ɗauka da nasa solon. Na 1940 a kan matakin F yake, na baya ya ɗaga su zuwa G. A 1946 ya je Amurka ya yi rangadi da Duke Ellington har dandalin Carnegie Hall, ya dawo kunnensa cike da sabon salon bibop na su Charlie Parker da Dizzy Gillespie, ya liƙa wa jitarsa na'urar lantarki. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ka jera kwafin Nuages na 1940 da na Maris 1953 gefe da gefe, za ka rantse mutum biyu ne: na farko yana zuba ado, na biyun jimlolinsa sun yi tsawo, sun yi sanyi, yana barin sauti ya daɗe yana amo. Wata biyu bayan wannan ɗauka, ranar 16 ga Mayun 1953, jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa a garin Samois da ke bakin kogin Seine, ya rasu yana da shekara 43.

Tun yana raye ma an fara rubuta masa. A shekarun yaƙi, da ya so ya tsara manyan kaɗe-kaɗe, ciki har da na addu'ar coci domin 'yan uwansa Manush, sai ya riƙa kaɗa kowane sashe a jita, mai kilarinet ɗinsa Gérard Lévêque yana rubutawa. Wannan aiki na coci bai kammalu ba.

Bayan rasuwarsa

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Django bai taɓa kiran kiɗansa jaz manush ba. Shi a wajensa makaɗin jaz ne, kuma yawancin abokan aikinsa gajo ne, wato waɗanda ba Romani ba. Sunan ya yaɗu ne shekaru bayan mutuwarsa. Da ya rasu, birni ya juya ga wasu kaɗe-kaɗe, sai aka bar salon nasa a hannun ƙaninsa Joseph, da 'ya'yansa Lousson da Babik, da 'yan gidan Ferret, da 'yan mashayu irin La Chope des Puces a kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen. A zangon Manush da Sinti na Alsace, da Jamus, da Holan, da Beljiyam kuwa, iyalai suka riƙe faya-fayensa kamar gado. Yaro zai zauna kusa da kawunsa, a sa faifai, a ɗaga allura, a mayar, har solon ya zauna masa a yatsu. Babu takarda ko ɗaya a wannan makaranta, amma kwafewa ce sosai, sai dai a ƙwaƙwalwa ake rubutawa.

Daga wannan makaranta aka samu Fapy Lafertin na Beljiyam, da Tchavolo Schmitt da Dorado Schmitt, da Stochelo Rosenberg na Holan, da Biréli Lagrène na Alsace, wanda aka haifa a 1966 kuma faifansa na farko, Routes to Django, ya fito a 1980 yana yaro ƙarami. A 1968 aka fara taron tunawa da Django a Samois, wanda daga baya ya zama na shekara-shekara, sannan aka mayar da shi Fontainebleau da ke kusa. Wata masaniya, Siv Lie, ta yi littafi a 2021 mai suna Django Generations a kan yadda Manush na Alsace suka mayar da wannan kiɗa tutar asalinsu. A taƙaice, abin da ake kira al'adar jaz manush yau, sauraron faifan mutum ɗaya ne ya haife ta.

Takarda ta biyo baya ne, lokacin da gajo na Ingila da Amurka da Japan da sauran wurare suka so koyo alhali ba su da kawu a zango. Kamfanin Frémeaux ya tattara duk abin da aka samu na Django cikin kundi 20, kowanne da faifan CD biyu. Michael Dregni ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2004. Michael Horowitz ya yi littafin Gypsy Picking a kan aikin hannun dama da ya koyo wajen Sinti na Holan. Benjamin Givan kuma ya fitar da The Music of Django Reinhardt a 2010, cike da kwafe-kwafe da nazarin abin da ƙonannen hannun nan ke iyawa da abin da ba ya iyawa.

Ra'ayina

An daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu cewa takarda tana kashe kiɗan nan da masu cewa ita ta cece shi. Ni dai a nawa ganin, amfanin kwafewa yana cikin wahalar yin ta. Wanda ya saurari jimla sau hamsin kafin ya rubuta, ya ji numfashinta, ya ji inda aka ɗan riga kari da inda aka ɗan jinkirta, abubuwan da babu alamar rubuta su. Wanda kuwa ya sauke tab da wani ya rubuta daga intanet ya haddace lambobi, to ya samu ƙashi ne babu tsoka. Shi ya sa nake ba duk mai sha'awa shawarar ya rufe littafi tukuna, ya ɗauko ɗaki huɗu na farko na Minor Swing da kunnensa, sannan ya buɗe ya gwada nasa da na wasu. Inda suka saɓa, nan ne hira take da daɗi, nan ne kuma ake koyo.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. A tarukan jaz manush za ka ji matasa masu saurin yatsu fiye da Django suna kaɗa solon 1937 ba ragi ba ƙari, a tafa musu. Haddar tana da kyau, don da ita ake koyon harshe. Amma kama da wane ba ta wane. Mutumin da ake kwaikwayo bai taɓa zama wuri ɗaya ba: daga banjo ya koma jita, daga yatsu huɗu ya koma biyu, daga Armstrong ya koma bibop, kuma ko Nuages da ta yi masa suna bai yarda ya maimaita mata solo ba. Biréli Lagrène ya gane haka, domin bayan ya haddace Django yana yaro sai ya tafi ya yi shekaru a wasu salon jaz, har ya yi aiki da Jaco Pastorius, kafin ya dawo gida da muryar kansa.

Jitar Django ƙirar Selmer mai lamba 503 tana nan a gidan tarihin kiɗa na Paris, matarsa Naguine ce ta bayar da ita a 1964. Tana cikin gilashi, ba mai kaɗa ta. Faya-fayen kuwa suna nan ga duk mai kunne. Wanda bai taɓa jin sa ba, ya nemi ukun nan da na ambata, ya fara da I'll See You in My Dreams, ya saurara sau uku a jere, a na ukun ya gwada rera solon da bakinsa. Daga nan ya riga ya shiga sahun masu kwafewa, ko bai taɓa riƙe jita ba.